OpenSSL ta daina kula da tsohuwar sigarta: me hakan ke nufi, kuma aikin gyaran ya koma wuyan wa?

Ranar 11 ga Satumba 2023 masu kula da OpenSSL, wani laburaren manhaja da ke kulle bayanai a intanet, suka saki siga mai lamba 1.1.1w, suka ce daga ita kuma shikenan, duk mai amfani da jerin 1.1.1 ba zai sake samun gyara a kyauta daga hannunsu ba. Ita ma 3.0 da aka ce a koma kanta tuni aka sa mata tata ranar, 7 ga Satumba 2026. Duk sanda irin wannan sanarwa ta fito sai ka ga mutane sun rabu gida biyu, wasu su ɗauka wai gobe da safe shafukan intanet za su mutu, wasu kuma su ce ai tunda abu na aiki a ƙyale shi mana, da tsohuwar zuma ake magani. Duka biyun dai ba su kama zancen daidai ba, kuma ruɗanin daga kalmar "daina tallafi" ɗin yake tasowa, don haka bari mu fara daga can.

Tukuna ma, wane irin laburare ake nufi?

Ba ɗakin karatu ba ne. A bakin masu rubuta manhaja, laburare wani ƙunshi ne na aikin da wani ya riga ya rubuta ya gama, kai kuma sai ka ɗauko ka jona a cikin taka manhajar maimakon ka zauna ka fara daga farko. Kamar tela ne da ba shi ke ƙera zif ko maɓalli ba, sayowa yake ya ɗinka a jikin riga, mai rigar ma bai san kamfanin da ya yi zif ɗin ba sai ranar da ya lalace.

OpenSSL ita aikinta kulle bayanai. Idan ka buɗe shafi ka ga adireshinsa ya fara da https, to abin da ke tafiya tsakanin wayarka da kwamfutar da ke riƙe da shafin a kulle yake, kuma a ɓangaren waccan kwamfutar sau da yawa OpenSSL ce ke yin kullewar. Tun 1998 take, an gina ta ne a kan wani tsohon aiki mai suna SSLeay na Eric Young da Tim Hudson. Kuma buɗaɗɗiya ce, ma'ana kowa na iya ganin yadda aka rubuta ta, ya kwafa, ya canza, ya saka a kayan da zai sayar ba tare da ya biya ko sisi ba. Shi ya sa ta shiga ko'ina, manyan kwamfutocin kamfanoni, rautar gida, kyamarar tsaro, firinta, har da na'urorin da masu su ba su taɓa jin sunanta ba.

Daina tallafi ba kashewa ba ne

Babu wani maɓalli da aka danna ranar 11 ga Satumba. Kwamfutar da ke kan 1.1.1 ranar 10 ga wata haka ta wayi gari ranar 12 tana aikinta lafiya lau. Abin da ya tsaya shi ne faci, wato idan aka gano wata ɓaraka a cikinta nan gaba, masu ita ba za su fitar wa jama'a da gyara ba.

Inda abin ke da haɗari shi ne tsohuwar siga da sabuwa uwa ɗaya uba ɗaya suke, akwai sassa da yawa da suka yi tarayya a kai. To idan aka gano ɓaraka aka toshe ta a sabuwar, ana sanarwa ne a fili, a ba ta lamba, a nuna layin da aka gyara, kowa ya gani har da masu kutse, su kuma abu na farko da za su duba shi ne ko wannan kafa tana nan a tsohuwar da ba a toshe ba. Ka ɗauka mai ƙera kwaɗo ne ya shelanta a kasuwa cewa ga dabarar da ake buɗe kwaɗonsa da ita ba makulli, ya ce ya gyara a sabon ƙira, kai kuma tsohon ne a ƙofar shagonka. Kwaɗon bai canza ba, yana kullewa kamar jiya, amma yawan waɗanda suka san yadda ake buɗe shi ya ƙaru, kuma duk wata ƙaruwa yake.

Kuma ba ba-zata aka yi ba. Tun ranar da aka saki 1.1.1, 11 ga Satumba 2018, aka ce shekara biyar za a kula da ita, shekarar ƙarshe ma gyaran tsaro kawai. Haka aka yi wa na baya, 1.0.1 ta ƙare a ƙarshen 2016, 1.0.2 ta ƙare a ƙarshen 2019.

Me ya hana su ci gaba da gyarawa kawai?

Amsar tana cikin abin da ya faru a Afrilun 2014. A lokacin ne aka bankaɗo ɓarakar da ake kira Heartbleed, wani ɗan kuskure da ya shiga cikin siga 1.0.1 ya kwashe kusan shekara biyu ba wanda ya lura, kuma ta wannan kafa mutum na iya zaune daga nesa yana tatsar abin da ke cikin ƙwaƙwalwar kwamfutar da ke riƙe da shafi, kalmomin sirri ne, makullan sirrin shafin ne, duk abin da ya ci karo da shi. An ƙiyasta shafuka kusan rabin miliyan abin ya shafa. Hukumar haraji ta Kanada ta ce an sace lambobin shaidar mutum wajen 900 daga wajenta ta wannan hanya.

Da hankalin duniya ya koma kan masu aikin sai aka ga abin mamaki. Steve Marquess, wanda ke riƙe da ɓangaren kuɗin aikin a lokacin, ya bayyana cewa gudummawar da ake aiko musu a shekara ba ta wuce dala 2,000 ba, kuma mutum ɗaya tak ne wannan aiki ya zama sana'arsa dare da rana, sauran duk taimako suke in sun samu sarari. Laburaren da bankuna da gwamnatoci suka jingina da shi kenan fa. Bayan nan ne Gidauniyar Linux ta haɗa manyan kamfanoni irin su Google, Microsoft, Amazon da Facebook suka zuba kuɗi, wasu kuma suka ɓalle da nasu reshen, mutanen OpenBSD, wani tsarin tafiyar da kwamfuta, suka yi LibreSSL, Google ta yi BoringSSL. A ƙarshen 2014 ɗin ne kuma OpenSSL ta fara fitar da tsari a rubuce na tsawon lokacin da za ta riƙa kula da kowace siga.

Hujjar masu kula da laburare kenan a ko'ina, ba OpenSSL kaɗai ba. Duk siga ɗaya da aka ce tana raye aiki ce mai zaman kanta, in an gano kuskure sai a duba ko yana cikinta, a sake rubuta facin ya dace da ita tunda ginin ya riga ya bambanta, a gwada a kan kwamfutoci iri-iri, a saki, a amsa tambayoyi. Siga huɗu aiki huɗu, hannun kuma dai wannan ne. Sannan faci da aka yi a gurguje a kan tsohon gini shi ma yana iya buɗe wata sabuwar kafa. Akwai kuma abubuwan da tsohon ginin ba zai iya ɗauka ba sam, misali siga 3.5 da ta fito a Afrilun 2025 ta zo da sababbin hanyoyin kullewa da aka tsara don su jure wa kwamfutocin kwantam na nan gaba, wani sabon nau'in kwamfuta da ake tsoron zai iya fasa kullewar yau, ba wanda zai zauna ya cusa wannan a ginin 2018. Ga kuma lasisin kansa, a rubuce yake ɓaro-ɓaro cewa kayan an ba ka ne yadda yake, ba garanti.

Yadda abin ke jan wasu

Ba kasafai laburare ke zaman kansa ba, wani a kan wani yake, shi ya sa ranar mutuwar ɗaya takan ja na sama da shi. Misali mafi kyau shi ne Node.js, wanda ake gina shafuka da manhajoji da yawa a kansa. Siga ta 16 an tsara za a kula da ita har Afrilun 2024, amma a cikinta OpenSSL 1.1.1 ce, sai masu ita suka samu kansu tsaka mai wuya, ko su yi wata bakwai suna tafiya da laburaren da ba a yi masa faci, ko su canza shi a tsakiyar tafiya su karya wa mutane kaya. Sai suka zaɓi na uku, suka jawo ranar baya, Node.js 16 ta mutu rana ɗaya da OpenSSL 1.1.1. Wanda ya tsara aikinsa a kan Afrilu sai ya ga an rage masa wata bakwai, alhali bai taɓa hulɗa da OpenSSL kai tsaye ba.

Akwai kuma akasin haka, inda aka ɗaga ƙafa aka ga abin da ɗaga ƙafar ya haifar. Python yaren rubuta manhaja ne, siga ta 3 ta fito a Disambar 2008, aka ce Python 2.7 za ta ƙare a 2015, da aka ga jama'a ba su motsa ba sai Guido van Rossum, wanda ya ƙirƙiro Python, ya sanar a 2014 cewa an ƙara shekara biyar zuwa 2020. Mutane da yawa ƙara miƙe ƙafa suka yi. Abin da ya tashe su a zahiri shi ne lokacin da laburarorin da suke dogaro da su suka fara janye jiki, Django 2.0 ta fito a Disambar 2017 ba ta aiki da Python 2, NumPy ta ce sigarta 1.16 ce ta ƙarshe da za ta yi aiki da Python 2. Daga baya ma masu NumPy da abokan aikinsu suka rubuta ƙa'ida a 2019 cewa sigar Python da ta wuce wata 42 da fitowa za su iya sakinta, don kowa ya san lissafinsa tun wuri. Masu goyon bayan yanke rana da wannan suke kafa hujja, cewa in ba a sa wa'adi ba ba mai tashi.

Su kuma masu ƙin tashi, lalaci ne?

Ba koyaushe ba, kuma a kan wannan batu na OpenSSL suna da abin faɗa. Tashi daga 1.1.1 zuwa 3.0 ba ƙaramin tsalle ba ne, an sake fasalin cikin laburaren sosai (lamba 2 ma tsallake ta aka yi, saboda wani ɓangare na aikin ya riga ya yi amfani da ita). Tsofaffin hanyoyin kullewa irin su MD4, RC4 da Blowfish an kwashe su an ajiye gefe, ba sa tashi sai ka kunna su da kanka. Da Node.js 17 ta fito da OpenSSL 3.0 a Oktoban 2021, masu haɗa shafuka ba adadi suka wayi gari aikinsu ya ƙi haɗuwa, saboda wani kayan aiki da ake kira webpack, siga ta 4, yana amfani da MD4 a ciki, ba don tsaro ba ma, don sa wa fayiloli lamba kawai. Sannan masu manyan shafuka, musamman masu HAProxy, manhajar da ke rarraba wa kwamfutocin shafi masu ziyara, sun yi ta ƙorafin cewa 3.0 ta fi tsohuwar nauyi idan aiki ya yi yawa lokaci guda, ma'ana sai ka ƙara kwamfutoci kafin ka yi aikin da kake yi da.

To mai kamfani da ya ce zai jira ba lallai sakaci ba ne, lissafi yake, zai biya injiniyoyi watanni, ya gwada komai daga farko, a ƙarshe kwastoma ba zai ga wani sabon abu ba. Na'urorin asibiti da na masana'antu kuwa nasu ya fi tsanani, ana sayensu ne don su yi shekara goma ko ashirin, wasu in an taɓa manhajarsu sai an sake neman amincewar hukuma. Shekara biyar a wajen mai laburare doguwa ce, a wajen mai irin wannan na'ura kuwa ba a ma fara ba.

Raunin wannan hujja shi ne jiran ba ya rage kuɗin, ƙara shi yake, wanda ya tsallake siga ɗaya gobe biyu zai tsallaka lokaci guda, kuma yawanci a ranar da gobara ta riga ta tashi. Log4j, wani laburare da manhajoji ke amfani da shi wajen rubuta abin da ke faruwa a cikinsu, ta nuna haka. Gidauniyar Apache mai riƙe da ita ta daina kula da jerin 1 tun Agustan 2015, amma da rikicin Log4Shell, wata babbar ɓaraka a jerin 2, ya ɓarke a Disambar 2021 kamfanoni suka shiga binciken kayansu, sai ga tsohuwar nan tana ta fitowa a wurare da yawa shekara shida bayan an binne ta, da nata ɓarakokin daban da ba mai toshewa. Sai da wanda ya fara rubuta ta, Ceki Gülcü, ya dawo ya fitar da wani reshe mai suna reload4j don masu wannan hali.

Masu tsayawa a tsakiya

Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, har da ma'aikatan kwamfuta. Ranar da OpenSSL ta sa ba lallai ita ce taka ranar ba, ya danganta da hannun da ka karɓo ta. Red Hat Enterprise Linux 8, tsarin tafiyar da kwamfuta na kamfanin Red Hat, da jerin 1.1.1 ta zo, kuma kamfanin ya yi alƙawarin kula da ita har 2029, don haka injiniyoyinsu ne ke ɗauko facin sabuwar siga su gyara shi ya dace da tsohuwar su tura wa masu biyansu. Kamfanin Canonical ma haka yake yi wa nasa tsarin, Ubuntu 20.04, shekara biyar na farko kyauta, waɗanda suka ƙare a 2025, sauran a ƙarƙashin tsarin Ubuntu Pro. Su kansu masu OpenSSL suna ci gaba da yin faci na 1.1.1 da ma 1.0.2, sai dai ga wanda ya sa hannu a kwangilar biya, akwai kuma kamfanoni irin su HeroDevs da TuxCare da sana'arsu kenan, rainon tsofaffin manhajoji.

Abin da wannan ke haifarwa shi ne lambar siga kaɗai ba ta isa shaida ba. Za ka ga kwamfuta ta nuna 1.1.1k, na'urar bincike ta yi ta ihun haɗari, alhali Red Hat ta riga ta toshe kafar lambar ce kawai ba ta canza ba. Wata kuma za ta nuna 1.1.1w, wadda a ido ta fi sabunta, amma wani ne ya sauko da ita da hannunsa ya saka a 2023 ya tafi abinsa, tun ranar ba wanda ya waiwaye ta. Tambayar da ta fi amfani ita ce wa ke turo faci, kuma har yaushe ya yi alƙawari.

Ra'ayi ya rabu a kan sayar da facin. Wasu na ganin an mayar da tsaro na mai kuɗi, gyaran na nan a hannu amma an hana ƙaramin mai shafi. Wasu kuma na cewa ai ba a hana kowa komai ba, sabuwar sigar kyauta ce, wanda ya zaɓi zama a tsohuwar shi ke neman aiki na musamman, kuma kuɗin nan ne ke biyan albashin masu rubuta wadda kowa ke ci a kyauta.

Doka ta fara shigowa

Tarayyar Turai ta yi dokar da ta shafi tsaron kayan da ke ɗauke da manhaja, ta fara aiki a Disambar 2024, manyan sharuɗɗanta kuma za su hau kan kamfanoni daga Disambar 2027. Abin da ta ce a taƙaice, duk wanda ya ƙera na'ura ko manhaja ya kai kasuwar Turai dole ya faɗi tsawon lokacin da zai riƙa toshe ɓarakarta, kuma kada ya gaza shekara biyar sai in kayan dama ba zai kai haka ana amfani da shi ba. Da aka fara tsara ta gidauniyoyin buɗaɗɗun manhajoji sun yi ca, suna tsoron a ɗora wa ɗan sa-kai laifin abin da kamfani ya sayar, daga baya aka gyara, wanda ke rubutawa ba don kasuwanci ba aka cire shi. Wato kowa ya ci ladan kuturu shi zai yi masa aski, wanda ya saka laburaren a rauta ya sayar ya karɓi kuɗi shi ke da alhakin abin da ke ciki. Dokar ba ta hau kan kayan da aka ƙera don wasu kasuwanni ba, sai dai in kamfani ya ga ya fi masa sauƙi ya tura faci ɗaya ga kowa.

Mai waya da mai shago fa?

Wayar Android ba OpenSSL take amfani da ita kai tsaye ba, reshen Google ne a ciki, haka ma Chrome, don haka sanarwar 2023 ba ta taɓa wayar kowa a ranar ba. Inda take shafar mutum shi ne ta bayan fage, kwamfutocin banki, na makaranta, na asibiti da ke riƙe da bayanansa, waɗanda ba shi da hanyar sanin ko ana yi musu faci. Sai kuma ƙananan na'urori, rauta, kyamara, akwatin da ke naɗar hotunan kyamarar, waɗanda ake saya a jona a manta, kamfanin da ya yi su ma wataƙila ya daina turo sabuntawa tun kafin su iso kasuwa. Abin da mai su zai iya yi bai wuce ya shiga saitin ya duba ko akwai sabuntawa ba, ya canza kalmar sirrin da suka zo da ita, in kuma zai sayi wata ya tambayi shekarar ƙira ba farashi kaɗai ba. Mai ƙaramin shafi kuwa kamfanin da ke ajiye masa shafin a kwamfutarsa zai tambaya, wane tsari kwamfutar ke kai, kuma yaushe wa'adinsa zai cika.

Wata hanyar da abin ke bayyana ita ce tsohon kaya ya fara rasa abokin magana. Ranar 30 ga Satumba 2021 wani tsohon satifiket (shaidar da na'ura ke dubawa ta tabbatar shafi na gaskiya ne) da Let's Encrypt ke jingina da shi ya ƙare, Let's Encrypt kuwa ita ke ba miliyoyin shafuka satifiket kyauta. Sababbin na'urori ko a jikinsu, amma waɗanda ke kan OpenSSL 1.0.2, wadda aka daina kula da ita kusan shekara biyu kafin nan, da yawansu suka fara ƙin buɗe shafukan da lafiyarsu ƙalau suna cewa satifiket ya mutu. Tsofaffin wayoyin Android an yi musu wata dabara da ta ƙara musu shekara uku, ita ma ta ƙare a 2024, daga nan wayar da ke ƙasa da Android 7.1.1 sai ta riƙa nuna gargaɗin rashin tsaro a irin waɗannan shafuka. A wuraren da ake yawan sayen waya ta hannu, ko a gaji ta yaya a miƙa wa ƙane, mai wayar zai ɗauka data ce ta ƙare ko sabis ne ba kyau, ya kai wa mai gyara a yi ta goge-goge a banza. Shawarar da Let's Encrypt ta bai wa masu irin waɗannan wayoyi ita ce su sauke Firefox, saboda ita da nata jerin satifiket take tafiya ba ta dogara da na cikin wayar ba, amma wannan buɗe shafi kawai yake gyarawa, manhajojin da ke cikin wayar masu dogaro da jerin Android ɗin suna nan yadda suke.